Yadda Ake Gwada Tsarin Jera Ayyukan Masana'anta a Kwamfuta Kafin a Taɓa Inji

Duk wanda ya taɓa ba da aikin get a shagon walda ya san wannan labarin. An ce maka ka dawo ranar Laraba. Ka dawo, ka tarar an yanke ƙarafenka tsaf, an jingine su a jikin bango, har tsatsa ta fara kama bakin yankan. Maigidan shagon bai yi maka ƙarya ba da ya ce aikin bai wuce na yini guda ba. Waldar kanta awa tara ce. Sauran kwanakin nan duk ba aiki ake yi a kan get ɗinka ba, layi yake bi.

A masana'antar da ke aikin oda, wato inda kowane aiki yake da hanyarsa daban tsakanin injina, yawancin lokacin da kaya ke shafewa a jira yake tafiya. Haka abin yake ko a ƙananan shagunan ƙere-ƙere irin na Panteka a Kaduna, ko a manyan masana'antun Sharada da Bompai a Kano. Kuma abin da ke tsawaita jiran ko ya gajarta shi wata 'yar shawara ce da ake yankewa sau da yawa a yini ba tare da an lura ba: inji ya gama aiki, ga guda biyar suna jira, wanne za a ɗora?

Ba za ka iya gwada amsoshin wannan tambaya a kan kayan mutane ba. Shi ya sa ake gina shagon a cikin kwamfuta, a sa masa ayyukan ƙarya masu kama da na gaske, a bar shi ya yi aikin shekara guda cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan shi ne kwaikwayon kwamfuta, kuma ga yadda ake yinsa.

Wani zai ce me ya hana a yi lissafi kawai a fitar da jeri mafi kyau? Yawan hanyoyin ne. Ayyuka 10 a kan inji ɗaya ana iya jera su ta hanya 3,628,800. A 1963 wasu masana biyu a Amurka, Fisher da Thompson, sun fitar da wata matsala ta ayyuka 10 da injina 10. Sai a 1989 aka wallafa hujjar Carlier da Pinson, 'yan Faransa, cewa 930, a ma'aunin lokacin da matsalar ta yi amfani da shi, shi ne mafi ƙarancin lokacin da za a iya gama ta. Wannan fa matsala ce da ba a ɗauke wuta a cikinta, inji ba ya lalacewa, sabon kwastoma ba ya shigowa da tsakar rana.

Mataki na ɗaya: tsayar da tambaya guda

Kada ka buɗe kwamfuta da niyyar "gyara shago". Rubuta tambaya ɗaya a takarda. Misali: wace ƙa'idar jera aiki ce za ta rage yawan kayan da ke wuce ranar alkawari? Ko kuwa: in na sayi injin walda na biyu, kwana nawa zai rage wa kwastoma?

Sannan ka zaɓi ma'aunin da za ka yi hukunci da shi. Huɗu ne aka fi amfani da su: matsakaicin lokacin da aiki ke yi daga shigowa zuwa fita, yawan ayyukan da suka makara, makara mafi muni, da yawan kayan da ke jibge a shago ba a gama ba. Ka zaɓi babba guda tun yanzu, domin za ka ga nan gaba cewa ƙa'idar da ta ci a ɗaya takan faɗi a ɗayan.

Mataki na biyu: zana shagon

Takarda da biro sun isa. Mu ɗauki shago mai tashoshi biyar: yanka, lanƙwasa, huda, walda tare da goge ta da giranda, sai feshin fenti. Rubuta injina nawa ne a kowace tasha, da mutum nawa suka iya sarrafa su. Wannan na biyun ake yawan mantawa. In injin walda biyu gare ka amma mutum ɗaya ne ya iya waldar da za a fita kunya da ita, to ɗaya gare ka.

Daga nan ka kasa ayyuka gida-gida, kowane gida da hanyarsa. Get: yanka, huda, walda, fenti. Ƙafar tankin ruwa: yanka, walda, fenti. Gyaran baro: walda kaɗai. Gida biyar zuwa takwas sun wadatar.

Mataki na uku: tattara lokutan gaskiya

A nan aikin yake, kuma a nan mafi yawan masu yi suke yin ha'inci ga kansu. Kwamfuta ba ta san shagonka ba. Abin da ka ba ta shi za ta dafa.

Ka yanka kwali ƙanana, ka ɗaura wa kowane aiki ɗaya da waya. A jikinsa a rubuta ranar da aka karɓi aikin, ranar da aka yi alkawari, sannan a kowace tasha lokaci uku: sa'ad da ya iso, sa'ad da aka fara, sa'ad da aka gama. Kwalin zai yi baƙi da mai da ƙura, wani ma tartsatsin walda zai huda shi, ba komai, muddin ana iya karantawa. Ka ba wa yaron shago ɗaya mai natsuwa alhakin tattara su kowace yamma. Sati huɗu zuwa shida ake so, domin a samu ranakun cunkoso da na zaman banza duka.

Ka gaya wa ma'aikata dalilin kwalin nan tun farko. In suka ɗauka ana auna ƙwazonsu ne don a rage wa wani kuɗi, za su rubuta maka lokutan da babu su, kuma ba laifinsu ba ne.

Ban da kwalin, ka ajiye littafi daban na abubuwan da ke tsayar da inji: sa'ad da aka ɗauke wuta da sa'ad da aka dawo da ita, minti nawa kafin a tayar da janareta, waɗanne injina ne janaretan ba ya iya ɗauka tare, lalacewar inji da tsawon gyaransa, lokacin salla da cin abinci, da rabin yinin Juma'a. Akwai kuma lokacin shiri, wato wanke bindigar fenti in za a sauya launi, ko sauya bakin injin huda. Yawancin misalan da ke zuwa cikin manhajojin kwaikwayo ba su san da ɗauke wuta ba. In ka bar ta a waje, shagon wata ƙasa ka gina, ba naka ba.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe a wannan mataki shi ne kada ya taƙaita bayanansa zuwa matsakaici. In waldar taga takan ci awa uku wani lokaci, wani lokaci bakwai, ka shigar da "awa biyar" kullum, layin da ke cikin kwamfutarka zai fi na gaskiya gajarta. Rashin daidaiton nan shi ne uwar layi. Ka adana lambobin kamar yadda suka zo. Inda ba ka da isassu, ka tambayi wanda ya daɗe a kan injin abu uku: mafi sauri, wanda aka saba, da mafi daɗewa. Da waɗannan ukun manhaja za ta iya samar da lokuta masu kama da gaskiya.

Mataki na huɗu: gwada ƙa'idojin da hannu tukuna

Ƙa'idoji uku ne tushen kusan duk sauran. Ta farko, wanda ya riga zuwa shi ake fara yi wa. Ta biyu, a fara da aiki mafi gajarta. Ta uku, a fara da wanda alkawarinsa ya fi kusa. Kafin ka ba kwamfuta, ka ga yadda suke aiki da idonka.

A ce da safe ayyuka biyar ne ke jiran mai walda, ga su bisa yadda suka zo. Get, awa 9, alkawari a awa ta 12. Ƙafar tanki, awa 5, alkawari a ta 20. Gyaran baro, awa 1, alkawari a ta 6. Tagogi, awa 4, alkawari a ta 16. Murhun ƙarfe, awa 2, alkawari a ta 9. Jimilla awa 21 ce, ko ta ina ka fara.

In ka bi layin zuwa, za su fita a awa ta 9, 14, 15, 19 da 21. Matsakaici awa 15.6. Uku sun makara, mai murhu kuwa ya yi jiran awa 12 bayan alkawari. Dubi mai baro: aikin awa ɗaya ya kawo, ya jira awa 14 kafin a taɓa shi.

In ka fara da mafi gajarta, wato baro, murhu, tagogi, ƙafar tanki, get, za su fita a awa ta 1, 3, 7, 12 da 21. Matsakaici ya faɗo zuwa 8.8. Mutum ɗaya ne ya makara, amma mai get ne, wanda ya riga kowa zuwa kuma ya fi kowa biyan kuɗi, da awa 9.

In ka bi kusancin alkawari, wato baro, murhu, get, tagogi, ƙafar tanki, za su fita a awa ta 1, 3, 12, 16 da 21. Matsakaici 10.6, kuma ƙafar tanki ce kawai ta makara, da awa ɗaya tak.

Ba sa'a ba ce. A kan inji ɗaya da ayyukan da duk suna nan tun farko, wani masani mai suna Jackson ya tabbatar a 1955 cewa bin kusancin alkawari shi ke sa makara mafi muni ta zama mafi ƙanƙanta, wani kuma mai suna Smith ya tabbatar a 1956 cewa fara gajere shi ke ba da mafi ƙarancin matsakaicin lokaci. Amma da zarar injina sun yi yawa kuma ayyuka suna ta shigowa, wannan tabbaci ya ƙare. Daga nan sai gwaji. Tun a shekarun 1960 Richard Conway ya yi irin waɗannan gwaje-gwaje a kwamfutocin cibiyar RAND ta Amurka, ya ga fara gajere tana da ƙarfi ƙwarai wajen rage matsakaicin lokaci, sai dai tana iya barin dogayen ayyuka su daɗe a layi. Saboda haka ka ƙara ƙa'ida ta huɗu a gwajinka: fara gajere, amma duk aikin da ya wuce kwana kaza yana jira a ɗauke shi zuwa gaba. Ta biyar kuma, in kana so: raba lokacin da ya rage kafin alkawari da yawan aikin da ya rage a kan kayan, a fara da wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Mataki na biyar: gina kwaikwayon

Agogon kwaikwayo ba ya tafiya daƙiƙa-daƙiƙa. Tsalle yake yi daga aukuwa zuwa aukuwa. Kwamfuta tana riƙe da jerin abubuwan da za su faru nan gaba: sabon aiki zai shigo ƙarfe 9:20, injin yanka zai gama ƙarfe 9:45, za a ɗauke wuta ƙarfe 11:00. Sai ta ɗauki mafi kusa, ta kai agogo can, ta yi abin da ya dace. In aiki ne ya iso tasha kuma inji na zaune, ta ɗora shi, ta rubuta lokacin gamawa a jerin. In inji na aiki, ta sa shi a layi. In inji ne ya gama, ta tura kayan tasha ta gaba, ta duba layi, ta zaɓi na gaba bisa ƙa'idar da kake gwadawa. Iyakar dabarar ke nan, ba ta sauya ba tun daga GPSS, harshen kwaikwayo da Geoffrey Gordon ya fitar a kamfanin IBM a 1961.

To daga ina lokutan suke fitowa? Daga ƙuri'a. Ka ɗauka ka rubuta duk lokutan waldar taga da ka tattara a 'yan takardu, ka zuba a hula, duk sa'ad da taga ta iso ka ja ɗaya, ka karanta, ka mayar. Abin da kwamfuta ke yi ke nan. Ga shigowar ayyuka kuma, in kwastomomi na zuwa ne ba tare da tsari ba, misali shida a yinin awa takwas, matsakaicin tazara minti 80 ke nan, kuma a manhajar lissafi ta Excel wannan umarnin zai ba ka tazarar kowane zuwa: =-80*LN(1-RAND()).

Excel zai iya ɗaukar tasha ɗaya ko biyu, kuma ina ba da shawarar a fara da shi don hannu ya faɗa. Ga cikakken shago kuwa sai manhajar da aka yi don haka. Wanda ya iya harshen kwamfuta na Python ya ɗauki SimPy, kyauta ce, kuma tana da hanyar ba ayyuka fifiko a layi, wanda shi ne ainihin abin da ƙa'idojin nan ke buƙata. Wanda bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba ya nemi JaamSim, ita ma kyauta ce, ana jawo akwatuna ne a haɗa su a ga kaya na tafiya. AnyLogic tana da nau'in koyo na kyauta, Arena da FlexSim kuma su ne irin waɗanda manyan kamfanoni ke saye. Ƙaramar kwamfutar cinya ta isa. Kada kyan hoto ya ruɗe ka. Injina masu juyawa a allo ba sa ƙara wa lissafi gaskiya ko kaɗan.

Mataki na shida: tabbatar da cewa shagonka ne

Gwaji biyu ne. Na farko, ko manhajar tana yin abin da ka ce. Ka ba ta ayyukan nan biyar na sama ba tare da ƙuri'a ba. In ba ta fitar da 15.6, 8.8 da 10.6 ba, akwai kuskure a gininka. Akwai kuma dokar da John Little ya tabbatar a 1961: matsakaicin kayan da ke cikin shago daidai yake da yawan shigowa a rana sau matsakaicin kwanakin da aiki ke yi. In shida ke shigowa a rana kuma kowane na yin kwana biyar, ya kamata ka ga kusan 30 a ciki. In lambobin manhajarka ba su bi wannan ba, wani aiki na ɓacewa a hanya.

Na biyu, ko tana kama da gaskiya. Ka sa mata ƙa'idar da ake bi a shagon yanzu, ka kwatanta abin da ta fitar da na kwalayenka. Sannan ka kira wanda ya fi kowa daɗewa a shagon ka nuna masa. In ya ce, "Oga, ai layi ba ya taruwa a wajen huda, a wajen fenti yake taruwa," ka yarda da shi ka koma bincike. Sau da yawa za ka tarar ka manta da lokacin bushewar fenti, ko ka manta cewa da damina ba ya bushewa da wuri.

Mataki na bakwai: gudanar da gwajin

Kwaikwayo yakan fara da shago fayau, babu ko aiki ɗaya, abin da ba ya faruwa a zahiri. Ayyukan farko za su wuce ba jira su ƙawata maka sakamako. Ka zana yawan kayan da ke ciki rana bayan rana, ka ga inda layin zanen ya daina hawa ya daidaita, ka zubar da duk abin da ya gabaci wurin.

Kada ka yarda da gudu ɗaya. Tunda ƙuri'a ake ja, shekara ɗaya a kwamfuta na iya zuwa da sa'a ko akasinta. Ka maimaita kowace ƙa'ida sau 20 ko 30, kowane da ƙuri'a daban, ka ɗauki matsakaici, ka kuma dubi tazarar da ke tsakanin mafi kyau da mafi muni. In ƙa'ida ɗaya ta ba da kwana 4.9, ɗaya ta ba da 5.1, alhali kowace tana lilo da kwana guda sama ko ƙasa, kada ka yi saurin cewa ka samu gwani.

Dabarar da ke sauƙaƙa wannan ita ce a ba kowace ƙa'ida ayyuka iri ɗaya. Manhajojin nan suna da lambar da ake fara jan ƙuri'a da ita. In ka yi gudu na farko na kowace ƙa'ida da lamba 1, na biyu da lamba 2, haka har ƙarshe, kuma ka ja duk lokutan aiki tun sa'ad da ya shigo ƙofa, to kwastomomi ɗaya ne suka zo wa kowace, a lokaci ɗaya, da kaya ɗaya. Duk bambancin da ka gani daga ƙa'idar yake.

Mataki na takwas: karanta sakamako

Fara da duba tashar da ta fi kowace cika. A can ƙa'ida ke da tasiri. Inda babu layi babu abin zaɓa.

Sannan ka lura da wani abu da ke ba masu shago mamaki. Jira ba ya hawa daidai da yawan aiki, tashi yake yi kamar an hura masa wuta. A mafi sauƙin lissafin layi, inji ɗaya da ayyuka masu zuwa ba tsari kuma tsawonsu ya bambanta sosai, in inji na aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, matsakaicin jira ya ninka tsawon aikin sau 4. A kashi 90 sau 9 ne. A kashi 95 sau 19. Lambobin shagonka za su bambanta, amma siffar hawan ɗaya ce. Maigidan da ke alfahari injinsa ba ya hutawa, shi ne wanda kwastomominsa suka fi kowa sintiri. Don haka ka gwada ƙara shigowar ayyuka da kashi 10 ka ga wace ƙa'ida ce ke jurewa, domin watannin da gine-gine suka yi yawa suna nan tafe.

Kada ka tsaya a matsakaici. Fitar da ayyuka goma da suka fi daɗewa a ƙarƙashin kowace ƙa'ida ka ga ko su wane ne. In duk manyan ayyuka ne masu kawo riba, ƙa'idar ba ta yi maka ba ko da matsakaicinta ya fi kyau.

Yanzu ne za ka koma kan sauran tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, kada ka sauya abu biyu a tare: injin walda na biyu, koya wa yaro ɗaya aikin tasha biyu, tara kayan fenti masu launi ɗaya a fesa su tare, ko janareta mafi girma. Kowanne ka sa kuɗinsa a gefen kwanakin da ya rage.

Akwai abu ɗaya da na ga ya wajaba a sa a kwaikwayon, ko da ba a son faɗinsa: aikin alfarma. Babban mutum zai aiko, ko ɗan'uwa, a ce a ajiye komai a yi nasa. Kwalayenka za su nuna sau nawa hakan ke faruwa a wata. Ka shigar da shi a matsayin aikin da ke tsallake layi, ka gudu da shi, ka gudu babu shi, ka nuna wa maigida kwana nawa kowace alfarma ke ɗora wa sauran mutane. Wataƙila ba zai daina ba, amma zai san adadin da shagon zai iya ɗauka.

Mataki na tara: kai shi bakin inji

Ƙa'idar da ta yi nasara dole ta zama wadda mai walda zai iya bi yana sanye da gilashinsa, ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. Rubuta ta a jimla ɗaya a allo kusa da tashar da ta fi cika, misali: "A fara da gajere, sai dai in akwai mai jan kwali." Kowace safiya yaron da ke kula da kwalaye ya zagaya ya sauya wa duk aikin da ya wuce kwanakin da kuka yanke kwalinsa zuwa ja.

A fara a wannan tasha kaɗai, na wata guda, ana ci gaba da cike kwalaye kamar da. A ƙarshen watan ka jera lambobi uku a takarda ɗaya: yadda shagon yake a da, abin da kwamfuta ta ce zai faru, da abin da ya faru. In na biyu da na uku sun yi nisa da juna, ka ɗauki kwalayen ayyukan da suka fi makara ka bi su tasha-tasha har ka gano inda suka kwana, ka gyara wurin a kwaikwayon, sannan ka sake gudu.